IN TSOHO YA FARA ƘWAREWA DA ABINCI

Jama'a, an yi wannan takarda domin kowane gida da ke da tsoho ko tsohuwa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa waɗanda ba su iya ba, tun ba matan gida ba, gama su ke dama kunu, su ke tuƙa tuwo, kuma galibi abin da za a faɗa a nan a hannunsu ya ke.

Na yi shekara 20 da ɗoriya ina aiki a ɗakin shan magani na ƙauye. Bari in fara da kuskuren da ni kaina na yi. Wata shekara da sanyi aka kawo mini wani dattijo a bayan babur, yana zazzaɓi da tari, numfashi sama-sama. Na ba shi maganin ciwon huhu, ya sami sauƙi, ya koma gida. Wata 2 aka sake kawo shi da ciwon nan, na sake ba shi magani. Da aka kawo shi na uku, sa'an nan na yi tambayar da ya kamata in yi tun ran farko. Na ce da ɗansa, "Yaya Baba ya ke cin abinci?" Ya ce, "Wallahi Malam, ba mu zama a wurin. Ana kai masa kwano zaure, in ya gama yara su ɗauko." Na ɗebo ruwa a moɗa na miƙa wa dattijon, na zauna ina kallo. Kurɓa ɗaya ya yi, sai tari ya sarƙe shi, idanu suka kawo ruwa. Da ya yi magana, muryarsa ta fito kamar mai kurkure baki. Na ce, "Baba, tun yaushe ku ke haka?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ɗana, ai an fi shekara. Ba na son a ce na koma yaro."

Ashe ciwon huhun nan daga kwanon abincinsa ya ke tasowa. Kullum ɗan ruwa da ɗan tsakin abinci suna zarcewa cikin huhunsa, ni kuwa ina ta ba da ƙwaya, ban toshe inda ɓarnar ke shiga ba.

YADDA HAƊIYA TA KE

A cikin wuyan ɗan Adam hanya biyu ce. Ta gaba ita ce hanyar iska, mai zuwa huhu. Ta bayanta ita ce hanyar abinci, mai zuwa ciki. Hanyoyin nan biyu sun yi mararraba a can gindin harshe. Watau duk loma da duk kurɓin ruwa sai ya bi ta bakin hanyar iska kafin ya faɗa tasa hanyar.

Ku ɗora yatsa a kan zakaran wuyanku, ku haɗiyi miyau. Za ku ji ya hau sama ya sauko. A daidai lokacin da ya hau, wani ɗan murfi na guringuntsi ya kan kifa a kan hanyar iska, numfashi ya tsaya kamar na daƙiƙa ɗaya, loma ta wuce, sa'an nan murfin ya buɗe. Muna yin haka sau ɗaruruwa kowace rana ba mu ma sani ba. In aka yi rashin sa'a wani abu ya kuskure ya shiga hanyar iska, sai tari ya taso da ƙarfi ya fitar da shi. Shi ne mu ke cewa mutum ya ƙware. Tarin nan mai gadi ne, ba abin kunya ba ne.

To, da shekaru suka yi nisa, naman harshe da na maƙoshi su kan rage ƙarfi kamar yadda na ƙafa ya ke ragewa. Haƙora su zube, miyau ya ragu, murfin nan ya riƙa makara kaɗan, tarin ma ya yi rauni. Amma ku lura da wannan da kyau: tsufa kaɗai jinkirta haɗiya ya ke yi, ba ya hana ta. In tsoho ya kai ga ƙwarewa kullum, galibi akwai wata cuta a ƙarƙashi, kuma ya kamata a neme ta.

Babbar cikinsu ita ce shanyewar ɓarin jiki, wadda yawanci hawan jini ke jawowa. Kusan rabin waɗanda ciwon nan ya kama su kan sami wuyar haɗiya a kwanakin farko. Da yawansu haɗiyar ta kan dawo cikin 'yan makonni, in dai an tsare su daga ciwon huhu a tsakanin nan. Akwai kuma ciwon nan mai sa makyarkyatar hannu da sandarewar jiki, wanda likitoci ke kira Fakinsin. Akwai gigin tsufa, inda mutum zai riƙe loma a baki ya manta bai haɗiye ba. Akwai maƙoƙo in ya girma ya danne wuya, ko da ya ke ya ragu ƙwarai tun da aka tilasta sa sinadarin aidin cikin gishirin Nijeriya a 1993. Akwai farin ƙurajen baki da maƙoshi masu kama da dusar nono, waɗanda su kan kama mai ciwon sukari da wanda jikinsa ya raunana, kuma suna jin magani. Akwai ƙwannafi na shekara da shekaru, wanda ya kan ƙone hanyar abinci har ta tsuke. Sa'an nan akwai ciwon daji na hanyar abinci, wanda zan yi magana a kansa nan gaba.

A ZAUNA A GANI

Abin da ya sa cutar nan ta ke ɓuya a gidajenmu, al'adarmu ce mai kyau ta jawo. Matar ɗa tana kunyar surukinta, ta aika yaro da kwano, ba ta tsayawa. 'Ya'ya maza ba su zura wa ubansu ido yana ci. Tsohuwa kuwa ta ja kwanonta ƙuryar ɗaki, ta ci loma 3, ta rarraba wa jikoki sauran, a ce, "Kaka ta cinye tas." Kunya ba ta hana a zaɓi mutum ɗaya wanda tsohon ya saba da shi, ko 'yarsa, ko jikansa mai hankali, ko matarsa, ya zauna kusa da shi kamar ana hira, yana lura.

Abin da zai lura da shi ke nan. Tari ko gyaran murya yayin ci ko sha, ko jim kaɗan bayansa. Murya ta jiƙe tana gargara bayan an sha ruwa. Miyau ko kunu na dalala ta gefen baki. Loma ta daɗe a baki, ko a tarar da abinci maƙale cikin kunci bayan an gama. Ruwa ya fito ta hanci. Tsoho ya shafe fiye da rabin awa a kan ɗan kwanon da dā ya ke gamawa nan da nan. Ya fara ƙin nama, ko ƙin shan ruwa, ko ƙin ci cikin mutane wurin suna da biki. Riga ta yi masa yawa, zobe ya riƙa zamewa.

Akwai wadda ta fi duk waɗannan haɗari, domin ba ta da amo. Waɗansu tsofaffi, tun ba masu shanyewar jiki ba, maƙoshinsu ya daina ji, abinci ya shiga huhu ba su yi tari ba ko sau ɗaya. Alamarsu ita ce irin ta dattijon da na ba ku labari: zazzaɓi da ciwon ƙirji da ke tafiya ya dawo. Kuma tsoho ba lalle ne ya yi zazzaɓi mai zafi ba in ciwon huhu ya kama shi. Wani sai ku ga ya ruɗe ba zato, yana sambatu, ko barci ya yi masa yawa, yana numfashi da sauri. Kada ku ce aljanu ne ko gigi. Ku kawo shi.

ZAMAN CIN ABINCI

Wannan bai ci ko kwabo ba, amma ya fi magani da yawa amfani. Kada a ba tsoho abinci ko ruwa yana kwance, ko yana kishingiɗe. A tashe shi zaune sosai, bayansa a miƙe. In ba ya iya zama da kansa, a jingina shi da bango, a tokara shi da matashi ko buhun hatsi ta gefen da ya shanye, ko wani ya zauna a bayansa ya tallafe shi. Kansa ya ɗan sunkuyo gaba, kada ya ɗaga sama. Ku gwada da kanku: ku ɗaga haɓa kuna kallon rufin ɗaki ku haɗiyi miyau, za ku ji wuyarsa. Don haka mai ba da abinci kada ya tsaya a kansa, ya zauna daidai da shi ko ƙasa kaɗan. Don haka kuma shan ruwa ta bakin buta, ko matsa ruwan leda cikin baki, bai dace da shi ba. A zuba a kofi mai faɗin baki, a cika shi, don kada sai ya ɗaga kai kafin ruwa ya iso.

Sai ya farka sarai. Mai gyangyaɗi ba a sa masa kome a baki.

A ba shi kaɗan-kaɗan, da ƙaramin cokalin shayi, ba ludayi ba. A jira zakaran wuya ya hau ya sauko kafin a kawo na biyu. In da hali ya haɗiya sau 2 a kan kowace loma. In ɓari ɗaya ya shanye, a sa abinci ta ɓarin da ke da lafiya. A kashe rediyo, a kori yara masu guje-guje, kada kuma a riƙa yi masa tambaya da loma a bakinsa. Wanda hannunsa ke aiki, a bar shi ya ci da kansa, ko da zai ɓata riga, gama wanda ya kai loma bakinsa da hannunsa ya fi sanin zuwanta. In ya gaji a tsaya. Ci kaɗan sau 5 ko 6 a yini ya fi babban kwano sau 2.

Bayan an gama, a duba cikin kunci a fitar da abin da ya maƙale, sa'an nan ya ci gaba da zama minti 30 kafin ya kwanta. Mai ƙwannafi ya ci na dare da wuri, awa 2 ko 3 kafin barci, a kuma ɗaga gadonsa ta wajen kai da bulo.

WANE ABINCI?

Mutane su kan ɗauka ruwa ya fi kome sauƙin haɗiya. Ga mai irin wannan lalura, sau da yawa ruwa tsinkakke ne ya fi ƙware shi, domin gudu gare shi, ya kan iso mararraba tun murfi bai rufe ba. Abu mai ɗan kauri a hankali ya ke tafiya, ya ba maƙoshi damar shiryawa. Mu kuwa Allah ya hore mana irin wannan abinci a kowane gida: koko, kunun gyaɗa, kunun tsamiya, kindirmo. Yadda za ku auna kaurin, ku tsoma cokali ku ɗaga. In ya lulluɓe bayan cokali, ya zubo a hankali kamar zuma, ya yi. In ya tsiyaye kamar ruwa, bai yi ba. In ya daskare ya ƙi zubowa, ya wuce, zai manne a maƙoshi.

Fura tana da kyau, amma a dama ta sosai da nono, a tace da rariya. Furar da aka bar gudaji na yawo cikin ruwa tana cikin mafi haɗari, gama baki na fama da gudajin, ruwan ya riga ya sulale. Haka garin kwaki da aka jiƙa da gyaɗa a ciki, haka romo mai tsinkakken ruwa da gutsattsarin nama.

Tuwo a yi shi da laushi, a yanka ƙananan loma kamar kan babban yatsa, a jiƙa kowace da miya. Tuwo abinci ne da mu ke haɗiyewa ba tauna, saboda haka babbar loma ita ce kan tsaya a wuya. Miyar yauƙi, kamar kuɓewa da kuka da karkashi, ta kan taimaki loma ta zame, in an kaɗa ta ta yi sumul, ba ƙaya ba ƙashi. Abu mai danƙo kamar teba da sakwara sai an yi hattara. Fate da aka dafa ya narke, kabewa, dankali da aka murƙushe da miya, gwanda nunanniya, ayaba da aka dame, duk suna wucewa lafiya.

Abin da za a janye masa shi ne busasshe mai warwatsewa a baki: dambu, gyaɗa, aya, ƙuli-ƙuli, gugguru, biskit, busasshen burodi, kilishi, tsire, da kifi mai ƙaya. Na san zancen goro zai yi wa dattawa ciwo. Goron da aka goga a magogi tsaki ne tsantsa, kuma ga wanda ya ke ƙwarewa, tsakin nan huhu ya ke nufa. Kada kuma a bar tsoho ya yi barci da goro ko alewa a kunci.

Amma fa kada gudun ƙwarewa ya sa ku bar shi da koko tsura safe da yamma. Na ga gidajen da suka yi haka da kyakkyawar niyya, tsoho ya rame ya zama ƙashi da rai. Jikin tsoho na bukatar abinci mai gina jiki, gama naman maƙoshin nan da ya raunana da abinci ya ke samun ƙarfi. A dafa wake ya yi luguf, a cire ɓawo, a tuƙe. A yi alale mai taushi. A dafa ƙwai a murƙushe shi cikin miya. A dafa nama ko hanta har su farfashe, a daka a turmi, a zuba cikin miya. Ƙuli-ƙulin da aka hana shi ci a bushe, a daka shi ya yi gari a kaɗa a miya ko kunu. A ƙara cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ko man shanu cikin kwanonsa. In yana da ciwon sukari, ku tambaye mu kafin ku yawaita masa kunu da sukari.

Sai zancen ruwa. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, mai ƙwarewa kuma tsoron ruwa ya ke ji, abu mai kauri kuwa ya kan gundure shi ya rage sha. Ta haka jiki ke bushewa, bayan gida ya yi tauri, kai ya ruɗe, ƙoda ta wahala. Ku yi ƙoƙari abin sha da ya shiga cikinsa a yini, duk da kunu da nono, ya kai lita ɗaya da rabi, watau kimanin ruwan leda 3, da bazara kuma fiye da haka, sai dai in likita ya taƙaita masa saboda ciwon zuciya ko ƙoda. Ku duba fitsarinsa: in ya yi kaɗan ya yi ja, ruwa bai ishe shi ba. Wanda ke iya kurɓar ruwa da cokali ba tari, a ba shi tsabtataccen ruwa kaɗan-kaɗan tsakanin abinci, yana zaune, bayan an wanke masa baki. In watan azumi ya kama, ku sani addini ya yi wa tsoho da majinyaci rangwame. Ku kai maganar gaban malamin gari, kada ku bar shi ya yi ta ƙarfin hali.

TSABTAR BAKI

Wannan ita ce aka fi mantawa. Ba abinci kaɗai ke zarcewa huhu ba, har miyau, tun ba da dare ba. In baki na da dauɗa da ruɓaɓɓun haƙora, miyan nan cike ya ke da ƙwayoyin cuta, su ne kuma ke haddasa ciwon huhu. Likitoci sun gwada a gidajen renon tsofaffi, sun ga waɗanda a ke goge wa baki kullum ba su kamuwa da ciwon huhu kamar waɗanda aka bari. Saboda haka a goge haƙora da dasashi da harshe safe da dare, da asuwaki mai laushi ko buroshi. Wanda ba shi da haƙori ko ɗaya ma a goge masa, da tsumma mai tsabta a naɗe a yatsa, a jiƙa da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, a matse. Haƙori mai girgiɗi ko mai ciwo a kai a duba. Leɓe in ya bushe, da hunturu musamman, a shafa man kaɗe.

ƘWAYAR MAGANI

Ƙwaya ɗaya-ɗaya a ke ba shi, yana zaune. Da yawa sun fi iya haɗiye ta in an tura ta cikin cokalin kunu mai kauri ko dameshshiyar ayaba. Kada ku daka kowace ƙwaya sai kun tambaya. Akwai waɗanda aka yi su don su narke a hankali cikin yini guda, in an daka su ƙarfinsu duka ya sauka lokaci ɗaya, jini ya faɗi ko sukari ya faɗi. Waɗansu magungunan kuma, kamar na mura da na barci da a ke saye a kasuwa, su kan busar da baki su sa gyangyaɗi, su ƙara wuyar haɗiya. In za ku zo wurinmu, ku tattaro duk abin da ya ke sha cikin leda, har da na gargajiya, mu gani.

ABU BIYU DA NA KE ROƘON KU BARI

Na farko ɗura. In mutum ya faɗi, ko ya suma, ko bakinsa ya karkace, abin da a ke fara yi shi ne a tallafo kansa a ɗura masa ruwa, ko rubutu, ko jiƙo, ko madara. Na san ƙauna ce ke sa haka. Amma wanda ba ya cikin hayyacinsa murfin nan nasa ba ya rufewa, abin da kuka ɗura huhu ya tafi. A yi masa addu'a, a shafa masa a jiki, a jiƙa masa leɓe da tsumma, a kwantar da shi ta gefe don miyau ya zubo waje, a nemi mota.

Na biyu yankan beli. In tsoho ya ce abu na tsaya masa a wuya, sai a kira wanzami a ce hakin wuya ne ya sauko. Belin nan ba shi ne ke hana haɗiya ba, yana ma cikin abin da ke tare hanyar hanci in ana haɗiya. Yanke shi ga tsoho na jawo zubar jini da ƙwayoyin cuta, ciwon ya hana shi ci kwana da kwanaki, cutar gaskiya kuwa tana can tana ci.

IN LOMA TA SHAƘE SHI

In yana tari da ƙarfi, yana iya magana, ku bar shi ya yi ta tari, ku sunkuyar da shi gaba. Kada a ba shi ruwa wai ya tura. Kada a zura yatsa cikin maƙoshi ana lalube, sai in ana ganin abin ƙuru-ƙuru a baki.

In kuwa ya kasa magana, ya kasa tari, ya dafe wuya, babu lokacin zuwa asibiti, aikin naku ne. Ku sunkuyar da shi gaba, ku tallafe ƙirjinsa da hannu ɗaya, ku buga tsakanin kafaɗunsa da gindin tafin hannu, da ƙarfi, har sau 5. In bai fito ba, ku tsaya ta bayansa, ku rungumo shi, ku dunƙule hannu ku ɗora tsakanin cibiya da ƙahon zuci, ku kama da ɗaya hannun, ku fizgo ciki da sama, har sau 5. Wani likitan Amurka mai suna Henry Heimlich ya bayyana dabarar nan a 1974. A yi ta maimaita bugu 5, fizga 5, har abin ya fito. In ya suma, a shimfiɗe shi rigingine a ƙasa, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da hannu biyu da sauri, wani ya ruga neman taimako. Ko da abin ya fito, ku kawo shi a duba, gama haƙarƙarin tsoho ba shi da ƙwari.

WANDA BA A JIRA DA SHI

Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ya saki, magana ta sarƙe farat ɗaya: babban asibiti, a ranar, a sa'ar. Kada a sa masa kome a baki kafin ma'aikata su gwada haɗiyarsa.

Wanda ya ce nama ya fara tsaya masa a ƙirji, bayan 'yan watanni tuwo ma ya tsaya, daga baya har kunu, yana kuma ramewa, wannan ba aikin gyaran abinci ba ne. Hanyar abinci ce ke tsukewa, mai yiwuwa ƙari ne, tun ba in ya daɗe yana shan taba ba. Za mu ba ku takarda zuwa inda a ke zura ɗan madubi a duba ciki, kamar asibitocin koyarwa na Kano, da Shika ta Zariya, da Sakkwato, da Maiduguri. Haka muryar da ta dushe fiye da mako 3. Tarin da ya wuce mako 2 kuwa a kawo majina a auna, ko tarin fuka ne. Awonsa da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati.

In a asibiti suka ce za su sa masa ɗan siririn tiyo ta hanci zuwa ciki, kada ku ce an yanke ƙauna ne. Ga mai shanyewar jiki sau da yawa na ɗan lokaci ne, ya ci ya sha ta nan har maƙoshi ya farfaɗo a cire.

SAURAN LALURORIN DA KE TAFE TARE

Hawan jini ba ya ciwo, ba ya ba da sanarwa, shi ne kuma uban shanyewar jiki. Duk wanda ya manyanta ya zo a auna shi ko da lafiyarsa ƙalau. In awo ya yi ta kai 140 bisa 90 ko fiye, magani ya kama, kuma ba a daina shi don an ji sauƙi. Gishirin da ya ishi babban mutum a yini bai kai giram 5 ba, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, duk da wanda ke cikin dunƙulen miya na kanti. A rage su, a ƙara daddawa da albasa.

Taurin bayan gida ya kan hana tsoho cin abinci. Ruwa, da miyar ganye irin su zogale da alayyafo da aka daka, da gwanda, da ɗan tattaki a tsakar gida sun fi maganin wankin ciki.

Wanda ya kwanta ba ya iya juyawa, a juya shi kowace awa 2, dama, baya, hagu. A duba ƙugu, da gindin baya, da dunduniya kullum. In wuri ya yi duhu ko ja, ya yi zafi, gyambo ne ke shirin fitowa, a ɗauke nauyi daga kansa. Shimfiɗa ta zama busasshiya, ba ƙullutu.

Yanar ido ana cire ta da ɗan gajeren aiki, mutum ya koma gani, kamar a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da sauran asibitocin ido. Kada a bari masu yawo gari-gari su soka masa allura a ido, da yawa sun makance ta haka. Tsohon da ba ya gani ba ya ganin ƙaya cikin kifi, kuma shi ne ke tuntuɓe da turmi ko igiyar akuya in ya fita fitsari da dare. Karayar ƙugu kan kwantar da tsoho, kwanciya kuma ta jawo duk abin da muka lissafa. A share hanyarsa zuwa bayan gida, a ajiye masa tocila da sanda kusa da shimfiɗa, ko a ba shi fo a ɗaki.

Dattijo namiji in fitsari ya fara yi masa gardama, yana fita ɗis-ɗis, yana tashi sau da yawa da dare, ba zai faɗa wa 'yarsa ba. Sai ya rage shan ruwa a ɓoye. Ɗansa namiji ko amininsa ya tambaye shi a keɓe, ya rako shi wurinmu. In fitsarin ya tsaya cak, mara ta kumbura, a kawo shi ko tsakar dare ne.

Dattijon nan da na fara ba ku labari, jikarsa ce ta ɗauki aikin. Ita ke tashinsa zaune, ta tace masa fura, ta goge masa baki da dare. Goro ne ya yi ta yi mana gardama a kai, har muka shirya a kan ya riƙa riƙe shi a aljihu yana ba baƙi. Ranar kasuwa ɗansa ya kan kawo shi in auna jininsa, in ɗora shi a sikeli in rubuta nauyinsa a kati. Ku ma in kun kawo naku, ku taho da katinsa da ledar magungunansa, kuma wanda ke zama da shi wurin cin abinci shi ne zai rako shi, gama shi za mu yi wa tambaya.